Sawu Sittin da Na Ce Zan Rama

Shekara uku ina sallah a kan kujera. Farar kujera ce ta roba, irin wadda ake haya ranar biki. Babban ɗana ne ya sayo mini ita lokacin da gwiwoyina suka ƙi lanƙwasa. Idan muka tsaya tarawihi a tsakar gida aka tafi sujada, sai in ji mata sun zube ƙasa gaba ɗaya, ni kuwa ina bisa, ina sunkuyar da kai ga iska. Malamai sun ce ya halatta, ban kuwa yi musu da malamai ba. Amma goshina ya san ƙasa tun ina 'yar shekara bakwai, kuma ya yi kewarta.

Gwiwoyin nan a ƙofar kamfani na ƙarar da su. Marigayi maigidana a kamfanin fata yake aiki a Challawa, ni kuma ina sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa, inda ma'aikata ke canjin aiki. Masu fitowa su ci, masu shiga su ci. A tsaye nake zubawa, a tsugune nake wanke kwanuka, da kai nake ɗaukar tukunya. Haka har 'ya'ya suka girma, har jikoki suka zo, har wata safiya na tsuguna zan yi alwala na kasa tashi.

'Yata ta tsakiya, wadda ke aiki a kamfanin biskit a Sharada, ita ta kai ni asibiti wajen masu gashin ƙashi. Likitar mace ce. Ta lallatsa, ta lanƙwasa, ta miƙe, ta ce naman da ke riƙe gwiwa ya saki, sai an motsa shi, amma tafiyar ƙasa za ta ƙara cinye ƙashin. Ta ce da zan samu ruwa, da ya fi, don ruwa yana ɗauke wa mutum nauyinsa.

Ta dubi 'yata ta ce, "Sai dai na san tsofaffinmu da tsoron ruwa."

Na ce, "'Yar nan, a bakin kogin Challawa aka yanke mini cibiya. Tun ruwansa ana sha. Da gora muke koyon iyo, kafin damina ta fita mun yar da gorar."

Ta yi dariya ta ce to shi ke nan, magani ya samu. Na tambaye ta abin da ya kawo ni, na ce zan sake sa goshina a ƙasa? Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma in dawo bayan wata biyar za ta shimfiɗa darduma ta gwada ni.

'Yata ta samo wani wurin iyo a Bompai. Babban ɗana bai so ba. Mutum ne mai gudun abin da za a ce. Ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Iya, da girmanki? A ce uwar wane tana can Bompai tana wasan ruwa?"

Na ce, "A ce uwar wane tana neman sujada."

Ƙanwarsa ta yi masa bayani, ta ce wurin na wani kamfani ne, katanga ta kewaye shi, kwana uku a mako mata zalla ne da safe, ko maigadi ba ya wuce ƙofar waje. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Ya ce ranar da ya ji ko ƙwarewa na yi a ruwan nan, an gama, ba shawara. Na san shi. Halin ubansa ne da shi, in ya ce an gama, to an gama.

Talata, Alhamis, Asabar. Adaidaita biyu muke hawa kafin mu kai, mu ratsa gari tun rana ba ta yi zafi ba. Kwami ne dogo, an shafe cikinsa da shuɗi, ruwan yana warin maganin wanki. Wannan gefen ruwa iya ƙirji, wancan gefen ya shanye mutum har da hannunsa a sama. Aka ba ni dogon wando da riga mai dogon hannu da hular roba. Ranar farko da na saki bakin kwamin na kwanta a kan ruwa, sai na ji gwiwoyina sun yi shiru. Shekaru ban ji shirunsu ba. Na yi ta hawaye, ba wanda ya gane, don fuskata a jiƙe take.

Malamar da ke kula da mu ba ta kai 'yata ba a shekaru. Siririya ce, da usur a wuya, ba ta da yawan dariya. Daga wannan baki zuwa wancan, shi take kira sawu ɗaya. Ta ce in fara da sawu huɗu.

Na ce, "Huɗu? Na ratso gari don sawu huɗu?"

Ta ce, "Huɗu, Iya. Kuma a hankali, kamar kuna tafiya gidan suna, ba kamar an ce gobara ta tashi ba."

Tana da wata dabara. Duk sanda na kai baki, sai in tarar da ita a tsugune tana gaishe ni kamar yanzu muka haɗu. Iya ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya jikoki, ya ƙafa. Idan na amsa duka a jere numfashina bai yanke ba, sai ta ce in huta kaɗan in koma. Idan na ce "lafiya" na tsaya ina haki kafin "lau" ta fito, sai ta ce na yi sauri, in jingina sai ƙirji ya kwanta. Duk bayan mako biyu ko uku take ƙara mini sawu ɗaya, wani lokacin ma ta hana. Ta ce jikin tsoho ba a cikin ruwa yake yin ƙarfi ba, a ranar hutun da ke biye yake yi. Na ji maganar, amma ban ajiye ta ba.

A can na yi ƙawa, wata Hajiya 'yar nan Bompai, matar wani ɗan kasuwa. Jiki gare ta, masha Allah. Ita ba ta iyo, takawa take yi a gefen da ba zurfi, tana riƙe da baki tana ba da labarin surukanta. Ita ta sa mini suna kifin Challawa, ni kuma ina ce mata uwar 'yan hutu.

Kwanci tashi, wata huɗu, na kai sawu goma. Na fara hawa adaidaita ba a tura ni ta baya ba. Na fara zama a kan tabarma in an tallafe ni. Saura mako biyar in koma wajen likita, sai aka aiko ƙanina ya rasu a ƙauye.

Na tafi. Aka yi uku, aka yi bakwai, matarsa ta kwanta ciwo, na ƙara mako guda ina jinyarta. Ina zaune a kan turmi ina karɓar gaisuwa, amma, Allah Ya yafe mini, wani gefen zuciyata yana lissafi. Talata ta wuce, Alhamis ta wuce. Kwana shida na ruwa suka tsere mini. Goma sau shida, sittin. Gwiwoyin kuwa suka fara tsohuwar maganarsu.

To ni a duniyata abin da ya wuce mutum ramawa ake yi. Azumi ya kuɓuce, ka rama. Sallah ta kuɓuce, ka tashi ka jero su. Ranar da ruwan sama ya hana ni fita da abinci, washegari tukunya biyu nake ɗorawa. Ban taɓa jin abin da ake bari ya tafi haka nan ba.

Ranar Talatar da na koma, malama ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce yau sawu shida zan yi.

Na ce, "Shida? A goma na tsaya. Kuma akwai sittin a kaina."

Ta ce, "Wane sittin?"

Na yi mata lissafi. Na ce in ta yarda in ƙara ashirin kowace rana, kwana uku na sauke. Ta zuba mini ido, ta ga ba wasa nake ba.

Ta ce, "Iya, wannan ba azumi ba ne. Ba a rama shi. Wanda ya wuce ya wuce. Mako biyu jikinku bai taɓa ruwa ba, ga zaman makoki, ga rashin barci. Baya za mu koma mu sake hawowa."

Na ce, "Saura mako uku likita ta gwada ni."

Ta ce, "Ko gobe ne, shida."

Na yi shidan na fito. A hanya ina ta juya abin a raina: yarinyar da aka haifa jiya, wadda ta koyi iyo a kwamin siminti, ita za ta gaya mini abin da jikina zai ɗauka? Ni da na ratsa kogi yana ambaliya da ƙunshin itace a ka?

Ranar Alhamis aka kawo sababbin mata huɗu, ba wadda ta taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti. Suna ta ihu suna riƙe juna. Malama ta ce mini, "Iya, shida, ku huta tsakani, ina zuwa," ta tafi can gefen da ba zurfi ta juya mini baya. Na kira Hajiya na ce ta matso.

Na ce, "Ki riƙe mini ƙidaya. Talatin zan yi."

Ta ce, "Ke kifin Challawa, rufa mana asiri. Da jikokinki?"

Na ce, "Ke dai ƙirga. Ko ƙirgan ma hutu za ki nema?"

Ta yi dariya ta ce to Allah Ya ba da sa'a, ita dai ba ruwanta. Na yi bismillah na saki baki.

Goman farko lafiya lau. Ina taɓa bango ina juyowa, ba hutu, don ina so in gama kafin malama ta waiwayo. Ba kuma tafiyar gidan suna nake yi ba, sauri nake. A sha biyar na ji numfashina yana fita da ƙara. Na ce a raina ai ba mai gaishe ni, balle a ji. A sha takwas Hajiya ta daina dariya.

Ta ce, "Ya isa haka. Fuskarki ta canza."

Ban amsa ba, don ba ni da iskar amsawa. Na juya. Hannuwana suka yi nauyi kamar na jiƙa zani na ɗaura a kowanne. Ashirin. Ashirin da ɗaya. Wani abu ya fara matse mini ƙirji, kamar an ɗaura ɗankwali ana ja ta baya. Na ce saura tara. Na ce in na tsaya yanzu, na sha wahalar banza. Ashirin da biyu.

A sawu na ashirin da uku, ina tsakiyar gefen mai zurfi, sai ƙafata ta dama ta ɗaure. Tun daga sha-raɓa har yatsu ta murɗe ta zama itace. Na miƙa ɗayar in taka ƙasa, babu ƙasa. Na buɗe baki in ja iska, ruwa ya shiga. Na ga shuɗin kwamin ta ciki, na ga hasken rana yana rawa a sama da ni, nesa. Na taso, na ji muryar Hajiya tana kururuwa, "Malama! Malama! Jama'a ta nutse!" Na sake komawa. Wallahi a wannan lokacin ban tuna ɗana ba, ban tuna likita ba. Kalmar shahada nake nema, bakina cike da ruwa.

Sai na ji hannu ya zagayo ta ƙarƙashin haɓata. Aka kwantar da ni rigingine. Muryar malama a kunnena tana cewa, "Kar ki riƙe ni. Saki jikinki. Saki!" Na saki. Ta ja ni har baki, mata suka taru suka fito da ni kamar buhu. Aka kwantar da ni a gefe ɗaya, na yi ta amayar da ruwa ina tari. Malama ta miƙe ƙafar tana danna yatsun sama har ta saki. Ta riƙe wuyan hannuna tana duba agogo.

Ta ce, "Ƙirjin yana ciwo? Yana tafiya hannu ko muƙamuƙi?"

Na girgiza kai. Ta ce ko da haka asibiti za mu yanzu. Sannan ta juya ga Hajiya ta ce sawu nawa. Hajiya tana kuka ta ce ashirin da uku. Malama ta rufe ido.

Ta ce, "Zan kira 'yarku."

Na kama gefen rigarta. Na ce, "'Yar nan, don girman Allah. In yayanta ya ji, na bar ruwa ke nan har abada. In na bar ruwa, a kujera zan mutu."

Ta ce, "Iya, da kun mutu yau fa? Me zan ce masa?"

Masu magana sun ce iya ruwa fidda kai. Ni na iya ruwa, ban fidda kaina ba, yarinyar da na raina ce ta fidda ni.

Direban Hajiya ya kai mu asibiti. 'Yata ta baro aiki ta same mu can da rigar kamfani a jikinta, gari a hannunta. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ce in jira. Muka zauna a benci har bayan la'asar. Likitan zuciya ya ce bai ga ɓarna ba, amma jinina ya hau sosai, kuma na yi sa'a. Kafin mu iso gida gwiwar dama ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

'Yata ta ce, "Iya, mu ce zamewa kika yi a banɗaki. Yaya ba zai sani ba."

Na so in yarda. Kwana biyu ina kwance ina auna abin. Amma na ga ba zan nemi sujada da ƙarya a baki ba. Ranar Asabar na aika aka kira shi.

Ya zauna inda ya saba zama. Na faɗa masa duka, tun daga sittin ɗin har hannun da ya zagayo haɓata. Ban rage ba. Yana ji yana murza hularsa.

Ya ce, "Na faɗa tun farko."

Na ce, "Ka faɗa."

Ya ce, "To an gama."

Na ce, "Ka ji ni tukuna, sannan ka yanke. Ruwa bai yi mini laifi ba. Malama ba ta yi mini laifi ba, shida ta ce. Wata huɗu ina bin maganarta ko tari ban yi ba. Rana ɗaya na bi tawa. In za ka hukunta, ni za ka hukunta, kuma hukuncin da za ka yi mini shi ne ka mayar da ni kujera har ranar da za a ɗauke ni. In ka ga za ka iya, to."

Ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba. Fiye da mako biyu bai leƙo ba. Ranar komawa wajen likitar ƙashi, ina shiri sai na ji hon a waje. Shi ne. Ya kai ni da kansa, ya shiga har ciki ya tsaya a jikin bango.

Likita ta ga gwiwar, ba ta ko ɗauko darduma ba. Ta ce aikin wata huɗu ya koma baya, sai kumburin ya sauka tukuna. Ɗana ya ce mata shi yana ganin a bar ruwan nan haka. Ta ce masa shawara tasu ce, amma in aka bar shi, ita ba ta da wani abin da ya fi shi. Ya tambaye ta sau nawa ne ba zai cutar ba. Ta ce wannan malamar ruwa ce za ta faɗa, ranar da ta ga jikin.

A mota ya yi ta tuƙi bai dube ni ba. Sai da muka wuce Sharada, manyan motoci sun tare hanya muna tsaye, sannan ya yi magana.

Ya ce, "Duk ranar da kika je, malamar za ta bugo mini ta gaya mini sawu nawa kika yi. In ya haura abin da ta ce da ɗaya, Iya, ko da ɗaya ne."

Na ce, "Na ji."

Sai bayan mako shida na koma. Hajiya ta rungume ni tana cewa ita ta tuba da ƙirge, ko kuɗin cefane ba ta ƙara ƙirga wa kowa. Malama ta ce sawu uku. Na yi uku, jikina yana roƙon na huɗu, na kama tsani na fito. Daga uku muka sake hawowa, ɗaya bayan ɗaya, damina ta shigo ta fita. Sau biyu zazzaɓi ya hana ni zuwa, sau biyun ta rage mini, ban ce uffan ba.

Sai da shekara ta kusa zagayowa likita ta shimfiɗa dardumar. Ta ce in gwada a gida, sallah ɗaya a rana, kusa da abin da zan dafa. Ranar wata Laraba da azahar, ba kowa a gidan, na ja kujerar gefe na tsaya kusa da gado. Na yi ruku'u. Na dafa katakon gadon na sauke gwiwar hagu, sannan ta dama, tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na sa goshina a ƙasa. Dardumar tana warin ajiya. Na yi tasbihi uku, na kasa ɗagowa, ba don ciwo ba.

Tashi kuwa sai da na ja jiki da gadon, raka'a huɗu ta ɗauke ni lokacin da a da zan dafa shinkafa. Kafin la'asar gwiwar dama ta ɗumama. Da aka kira sallah na taɓa ta, na ji zafinta a tafin hannuna, na jawo kujerar na zauna na yi kabbara.